SHIN MAGANIN ƘARFIN MAZA YA DACE DA MATA?

Kafin mu shiga maganar wannan wata, muna neman afuwa daga iyayenmu da malamanmu, domin magana ce ta cikin ɗaki, irin wadda a al'adarmu ba a saba jin ta a bainar jama'a ba. To, amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ake tallarsa da lasifika a tashar mota, ake kuma kai shi har cikin gidajen biki a zangunanmu, ya wuce a ce za a rufe shi da kunya.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, wata rana bayan sallar isha'i muna zaune wurin mai shayi a Nima, sai wani bawan Allah, dattijo mai kimanin shekara hamsin, ya ja mu gefe, ya sassauta murya ya ce, "Malam Ticha, ku da kuka yi boko, ina da tambaya, amma don Allah ta tsaya tsakaninmu." Muka ce masa ya faɗi, Allah ya sa mun sani. Ya ce shi dai yana da ciwon sukari, kuma likita ya rubuta masa shuɗiyar ƙwayar nan ta ƙarfin maza, ya kuwa ji daɗinta. Sai dai tun da mai ɗakinsa ta haihu na shida take gudunsa, kullum da uzurin da za ta kawo. Wani mai tallar magani a cikin mota ya ba shi shawara ya raba ƙwayar biyu ya ba ta rabi, in kuma yana jin nauyin gaya mata, ya daka ya zuba mata a koko ba tare da ta sani ba. Shi ne yake tambaya, ko akwai laifi?

Muka roƙe shi ya dakata tukuna. Muka nemi wani tsohon ɗalibinmu da ya zama masanin harhaɗa magunguna, muka kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Da muka ga tambayar ba ta mutum ɗaya ba ce, sai muka nemi izninsa, ya kuwa yarda mu kawo ta wannan fili ba tare da ambaton sunansa ba.

ASALIN SHUƊIYAR ƘWAYA

Sunan sinadarin da ke cikin wannan ƙwaya sildenafil, sunan kasuwa kuwa Viagra. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa shi a ɗakin bincikensa da ke garin Sandwich a ƙasar Ingila a 1989, kuma ba don harkar aure aka yi shi ba. Masu binciken suna neman maganin hawan jini ne da ciwon ƙirji irin na masu ciwon zuciya. Da aka gwada shi a kan mutane a farkon shekarun 1990, sai aka ga bai yi wani abin kirki ga ciwon ƙirjin ba, amma mazan da suka sha suna ba da labarin wani abu dabam da ba a yi zato ba. Daga nan kamfanin ya juya akalar binciken. A ranar 27 ga Maris 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sayar da shi a matsayin maganin rashin ƙarfin gaba na maza. Ana yin sa kashi uku: mai miligiram 25, da mai 50, da mai 100. A 2003 aka samu wasu 'yan'uwansa guda biyu a kasuwar Amurka, wato tadalafil mai sunan Cialis, da bardenafil mai sunan Levitra. Aikinsu iri ɗaya ne, sai dai shi sildenafil ƙarfinsa yakan kai kamar awa huɗu a jiki, shi kuwa tadalafil yana iya kaiwa awa 36.

To, yaya yake aiki? Wannan ita ce gaɓar da ya kamata kowa ya natsu ya fahimta, domin duk amsar tambayar dattijon nan tana cikinta.

Sha'awa daga ƙwaƙwalwa take farawa. Idan ta motsa, sai jijiyoyi su kai saƙo zuwa ga al'aura, a can su saki wata iska da masana ke kira naitirik oksaid. Gano aikin wannan iska a jijiyoyin jini shi ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998. Ita wannan iska tana sa jiki ya haɗa wani sinadari da ke sassauta bangon hanyoyin jini, su buɗe, jini ya kwarara ya cika wurin. Amma kuma akwai wani sinadarin na dabam a jiki, ana ce masa PDE5, wanda aikinsa shi ne ya rusa na farkon don komai ya koma yadda yake. Abin da shuɗiyar ƙwaya take yi kawai shi ne ta riƙe hannun wannan mai rusawa na ɗan lokaci.

Bari mu ba da misali irin na aji. A ɗauka ga randa mai huda a gindi, ana zuba mata ruwa yana zurarewa. Wannan magani toshe hudar ne aikinsa. Idan an toshe huda kuma ana zuba ruwa, randa za ta cika. Idan kuwa babu mai zuba ruwa, ko an toshe ta da siminti haka za ta zauna wayam. Ruwan nan shi ne sha'awa. Saboda haka ko ga namiji, wannan ƙwaya ba ta ƙirƙiro sha'awa. Tana taimakon wanda zuciyarsa ke so ne amma hanyoyin jininsa suka gaza, kamar yadda yakan faru ga masu ciwon sukari da hawan jini da masu yawan shan taba.

AN GWADA SHI A KAN MATA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa babu wanda ya taɓa yin tunanin da mai tallar maganin nan ya yi. Shi kansa kamfanin da ya yi ƙwayar ya riga kowa, domin kuwa da ta yi aiki ga mata, da cinikinsa ya ninka. Kuma akwai dalilin da ya sa aka yi zaton za ta yi, saboda Allah ya halicci al'aurar mace da irin tsoka da hanyoyin jinin da ke cika lokacin sha'awa, kuma sinadarin PDE5 yana nan a wurin.

Ga yadda ake irin wannan gwaji. Ana raba mutane kashi biyu, a ba kashi ɗaya maganin gaske, a ba ɗaya kashin ƙwayar bogi mai kama da ita wadda babu magani a cikinta, kuma ba mai sha ba, ba likita ba, babu wanda ya san wadda aka ba wa wace. Ana yin haka ne domin ɗan Adam idan ya sa rai da magani, sau da yawa yakan ji sauƙi ko da garin rogo aka dunƙula masa. Magani ba ya amsa sunansa sai ya fi ƙwayar bogi aiki.

A 2002 wata likita a ƙasar Kanada mai suna Rosemary Basson tare da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a kan mata 781, waɗansu masu al'ada, waɗansu sun daina. Waɗanda suka sha maganin gaske ba su fi waɗanda suka sha na bogi samun biyan buƙata ba. Abin da suka fi su da shi kawai shi ne ciwon kai, da zafin fuska, da toshewar hanci, da tashin zuciya, da rikicewar gani. A watan Fabrairu na 2004, bayan shekara takwas ana bincike a kan mata kimanin 3,000, kamfanin Pfizer ya sanar da duniya cewa ya haƙura, ba zai nemi iznin sayar da Viagra ga mata ba. Abin da masu binciken suka lura da shi shi ne, ƙwayar tana ƙara gudun jini a jikin mace, amma wannan bai sa matan sun ji ƙarin sha'awa ko gamsuwa ba. A wurin namiji motsin jiki da sha'awa sukan tafi tare. A wurin mace kuwa jiki yana iya motsawa alhali zuciya tana wani wuri dabam.

Jama'a, mu tsaya mu yi tunani. Masu ƙwayar da kansu, da kuɗinsu da likitocinsu, sun shekara takwas suna nema ba su samu ba. Ta yaya mai jaka a tashar mota zai ce shi ya gano?

Domin adalci, akwai 'yan wurare da aka ga ɗan amfani. A 2008 an fitar da wani ƙaramin bincike a Amurka a kan mata 98 masu shan maganin ciwon damuwa, irin maganin da ke jawo wa mace jinkirin gamsuwa, aka ga sildenafil ya rage musu wannan matsala. Saboda haka likitan da ya san aikinsa yana iya rubuta shi ga wata mace ta musamman bayan ya auna ta. Haka nan kuma tun 2005 ana ba da wannan sinadari da sunan Revatio, miligiram 20 sau uku a rana, ga masu wani mugun ciwo na hawan jini a hanyoyin huhu, wanda ma ya fi kama mata. Don haka idan aka ga likita ya rubuta wa wata baiwar Allah sildenafil, kada a yi mata mummunan zato, wataƙila numfashinta ake ceto. Amma duk waɗannan aikin asibiti ne, da awo da lura, ba rabin ƙwaya a cikin koko ba.

TO, "VIAGRA TA MATA" DA AKE FAƊA FA?

Abu biyu ne ake kira da wannan suna, kuma ya kamata a rarrabe su.

Na farko, akwai magunguna biyu da hukumar Amurka ta amince da su saboda matan da sha'awarsu ta ɗauke har abin yana damunsu. Ɗaya shi ne filibanserin, mai sunan kasuwa Addyi, wanda aka amince da shi a watan Agusta na 2015 ga matan da ba su daina al'ada ba, bayan hukumar ta ƙi shi har sau biyu. Asalinsa maganin ciwon damuwa aka so a yi da shi. A ƙwaƙwalwa yake aiki, ba a hanyoyin jini ba, kuma kullum ake shan sa da dare, sai an yi makonni kafin a ga alama. Amfaninsa ma kaɗan ne, domin a gwaje-gwajen da aka yi, ribar da ya fi ƙwayar bogi da ita ba ta wuce ƙarin saduwa mai gamsarwa kamar sau ɗaya a wata ba, ko ƙasa da haka, ga shi yana kawo jiri da barci, wani lokaci har da suma. Na biyu shi ne Vyleesi na 2019, wanda allura ce da mace ke yi wa kanta, kuma kimanin mata huɗu cikin goma da suka yi ta sun yi fama da tashin zuciya. Ko ɗaya daga cikinsu ba ɗan'uwan Viagra ba ne, 'yan jarida ne kawai suka laƙaba musu sunan.

Na biyu kuwa su ne ƙwayoyi masu ruwan hoda da ake tallarsu a intanet da sunaye irin su Lovegra da Lady Era, da hoton mace a jikin kwali. Abin da ke cikinsu sildenafil ne, wato maganin mazan nan dai, aka canza masa riga. Launin ƙwaya ba ya canza aikinta. Abin da bai yi aiki yana shuɗi ba, ba zai yi don an rina shi ba.

HAƊARIN DA KE CIKI

Wani zai ce, to in bai yi amfani ba ai bai yi illa ba, a gwada mana. A nan ne kuskuren yake. Wannan magani ba a al'aura kaɗai yake buɗe hanyoyin jini ba, a duk jiki ne, shi ya sa yake saukar da awon jini. Ga mai lafiya saukar kaɗan ce. Amma ga mai shan magungunan ciwon zuciya da ake kira naitiret, irin ƙaramar ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, haɗuwar biyun tana iya faɗar da jini ƙasa warwas, mutum ya yanke jiki ya faɗi, har ta kai ga rasa rai. Waɗansu magungunan hawan jini su ma sukan ƙara masa ƙarfi, haka nan waɗansu daga cikin magungunan ƙanjamau suna hana jiki fitar da shi da wuri, sai ya taru ya yi yawa. Mu duba gidajenmu, iyayenmu mata da matanmu nawa ne ke shan maganin hawan jini ko na zuciya? Mazaje nawa ne suka san sunan ƙwayar da matansu ke sha?

Ga mai juna biyu kuwa, akwai labarin da ya isa ya zama darasi. A ƙasar Holan likitoci sun gwada ba da sildenafil ga mata masu cikin da jariri ba ya girma yadda ya kamata, da fatan jini zai ƙara isa mahaifa. Mata 216 ne suka shiga gwajin, kimanin rabinsu suka sha maganin gaske. A watan Yuli na 2018 aka dakatar da gwajin cikin gaggawa, bayan an ga jarirai 11 daga cikin waɗanda uwayensu suka sha maganin sun rasu da matsalar huhu. Wannan fa a hannun ƙwararru ke nan, a manyan asibitoci. Ina ga macen da aka zuba wa a abin sha, alhali wataƙila tana da ƙaramin ciki da ko ita ba ta sani ba?

Shi ya sa muke cewa da babbar murya, zuba wa mace magani a ɓoye cin amana ne, ko da mijinta ne ya yi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya. Idan ta faɗi aka kai ta asibiti, likita zai tambayi abin da ta sha, ita ba ta sani ba, shi kuma kunya ta hana shi faɗa, sai a yi ta lalube a cikin duhu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

ZUMA GA ZAƘI GA HARBI

Yanzu bari mu juyo ga iyayenmu mata, domin ba ta hannun maza kaɗai wannan sinadari ke shiga jikinsu ba. Kayan mata tsohuwar al'ada ce a wurin Hausawa. Tun kakanni ana gyara amarya da mai jego da tsumi da gumba, da dabino da aya da kwakwa, da zuma da kanumfari, ga kuma goron Tula da ake kawowa daga ƙasar Gombe a Nijeriya. Yawancin waɗannan abinci ne mai gina jiki, kuma a da tsohuwar da ta haɗa a gida ɗaya kuke, kin san abin da ta zuba. Yau kuwa abin ya zama kasuwa. Kwalabe da robobi marasa suna suna tsallako iyakoki a cikin jakunkuna, ana tallarsu a WhatsApp da Facebook da TikTok, ana sayarwa a gidajen suna da biki daga Nima da Mamobi da Sabon Zango har Aboabo da Asawase a Kumasi da Tamale.

Abin da ya kamata a sani shi ne, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan da aka rubuta wa "na gargajiya zalla" alhali an daka ƙwayar ƙarfin maza an zuba a ciki. A watan Yuli na 2022 hukumar Amurka ta aika wa kamfanoni huɗu takardar gargaɗi saboda an auna zumar da suke sayarwa don ƙarin kuzarin aure an tarar da sildenafil ko tadalafil a ciki, ba tare da an rubuta a jikin kwali ba. Idan haka ta faru a inda ake auna kaya dare da rana, me zai hana ta faru da robar da ba ta da ko adireshi? Ba muna cewa duk mai sayar da kayan mata maha'inciya ba ce. Da yawansu su ma sarowa suke yi, ba su san abin da ke ciki ba. Amma mai zuba ƙwaya a ɓoye ba ya awo, cokali ɗaya yana iya ɗaukar kaɗan, na gaba ya ɗauki ninkin abin da likita zai rubuta wa ƙato.

Ga alamar da za a riƙe. Idan mace ta sha tsumi ko zuma ko wani haɗi, kafin awa guda ta ji kanta yana sarawa, fuskarta ta ɗauki zafi, hanci ya toshe, zuciya na bugawa da sauri, ko ta ga abubuwa sun koma shuɗi-shuɗi, to wannan ba aikin dabino da aya ba ne. Ta daina sha nan take. Idan kuwa akwai jiri mai tsanani ko ciwon ƙirji, ko gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a garzaya asibiti, a tafi da robar, a kuma faɗi gaskiya. A nan Ghana hukumar kula da abinci da magunguna, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ƙara wa ƙarfi, ita ke yi wa magani rajista, har da na gargajiya. A duba lambar rajistarta da sunan wanda ya yi da ranar lalacewa. Abin da ba shi da waɗannan, a bar wa mai shi kayansa.

Haka nan muna jan hankali game da matsi. Abubuwan da ake cusawa don su busar ko su tsuke gaba sukan ƙona fatar ciki mai laushi, su jawo ƙananan raunuka, su kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare wurin, sai ƙaiƙayi da ciwon sanyi su samu ƙofa. Sau da yawa abin da aka saya don gyara shi ke ƙara ɓata lamarin.

INA AINIHIN MATSALAR TAKE?

Idan mace tana gudun shimfiɗa, akwai dalili, kuma da wuya dalilin ya zama ƙarancin jini a al'aura. Mafi yawa zafi take ji. Mai shayarwa sinadarin istirojin yakan ragu a jikinta, sai bushewa ta same ta, haka ma wadda ta daina al'ada. Wata ɗinkin da aka yi mata wurin haihuwa ne bai warke daidai ba. Wata ciwon sanyi ne ya daɗe a jikinta, ana yi mata magani mijin ba a yi masa, kullum yana sake mayar mata. Wata ciwon sukari ne ko ƙarancin jini. Wata maganin da take sha ne, domin magungunan ciwon damuwa da waɗansu na tazarar haihuwa sukan rage wa waɗansu mata sha'awa, kuma likita yana iya canza musu. Wata kuma tabon kaciya ne ko yankan gishiri da aka yi mata tun tana ƙarama, abin da ya sa dokar Ghana ta haramta kaciyar mata tun 1994.

Sannan ga gajiya, wadda mu maza ba mu cika lissafawa ba. Matar da ta tashi tun kafin asalatu ta hura wutar wake da shinkafa ko ta suyar ƙosai, ta yini a tsaye, ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, ta kwana da yara biyar a ɗaki ɗaya na haya, wace ƙwaya ce za ta maye mata barci? Ga kuma ɓacin rai. Wadda aka yi wa tsawa da rana a gaban 'ya'yanta, ko aka hana ta kuɗin cefane, ko take kwana da fargabar kishiya, babu kantin magani a duniya da ke sayar da abin da zai buɗe zuciyarta da dare.

Abin farin ciki shi ne, yawancin waɗannan suna da magani, kuma mai sauƙi. Bushewa akwai man shafawa mai tsabta da ake samu a kantin magani mai lasisi, ga wadda ta manyanta kuma likita yana iya rubuta mata man istirojin. Ciwon sanyi a yi wa miji da mata magani tare. Ƙarancin jini da sukari awo ɗaya ke nuna su. Ana iya farawa daga ƙaramin asibitin unguwa, wurin ungozomar da ta saba da ita tun awon ciki, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ta sashen mata na manyan asibitoci irin su Korle Bu a Akra ko Komfo Anokye a Kumasi. Wadda ba ta iya buɗe baki gaban namiji tana da damar ta nemi ma'aikaciya mace, wadda kuma harshe ke ba ta wahala ta tafi da 'yar'uwar da ta amince da ita ta yi mata tafinta.

Kada kuma a ce addini ya hana tambaya. Malamanmu sun karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sani ba. Sun kuma karantar da mu cewa mace tana da haƙƙi a shimfiɗa kamar yadda namiji yake da shi, kuma an hori miji da ya gabatar da wasa da tattausan lafazi. Muna roƙon limamanmu da malaman makarantun Islamiyya na matan aure su riƙa taɓo wannan babi. Muna kuma roƙon magajiyoyin zango, tun da ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, su sa ido a kan abin da ake sayar wa 'ya'yansu a gidajen biki, su riƙa gayyato ma'aikatan jinya zuwa tarukansu.

YADDA MUKA ƘARE DA DATTIJON

Bayan kwana uku muka koma wurin mai shayi muka zayyana wa dattijon abin da muka samo. Muka tambaye shi, "Alhaji, shin ka taɓa tambayarta abin da ke damunta?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Malam Ticha, shekararmu ashirin da aure, ban taɓa ba." Muka ce to daga nan za a fara.

Bayan kamar wata biyu ya tare mu a ƙofar masallaci yana murmushi. Ashe baiwar Allah zafi take ji tun bayan haihuwa, kunya ta hana ta faɗa, tana tsoron kada ya ce ta tsufa ya ƙaro aure. Ya raka ta asibiti da kansa, aka tarar da bushewar shayarwa da ƙarancin jini, aka ba ta magani, aka kuma ce a rage mata aiki. A wurin awon ne ma aka gano jininta yakan sauka ƙasa sosai. Ya ce da ya ji haka sai da gabansa ya faɗi, da ya tuna abin da ya so ya zuba mata a koko.

Saboda haka amsar tambayar da ke saman wannan shafi ita ce, maganin ƙarfin maza ba a yi shi don sha'awar mata ba, an gwada bai yi ba, kuma yana iya cutarwa. Kada mace ta sha shi sai likitan da ya duba ta ne ya rubuta, kada kuma wani ya ba ta a ɓoye. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata da ke cikin gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, ya sa albarka a zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.